Gargaza Mai Goyo a Baki

Ranar Lahadin farko ta watan Oktoba ce, shekarar da na shiga aji biyu a lakwal, makarantar boko. An fara yankan hatsi, mutanen gidanmu duk sun watse gona tun da sassafe, ni kuma aka bar mini wankin ƙore. Na jera su ɗaya cikin ɗaya, na ɗora a ka, na gangara tafki ina tafe ina shan takanɗa. Tafkin garinmu yana kwance ne a gindin tudun duwatsu, can tsakanin Keita da Tama, kuma a gefensa na gabas akwai wani lungu mai yashi a ƙasa wanda muke kira Ɗan Tafki. Nan mata suke wanki, domin babu laka, shanu kuma ba sa son shiga saboda duwatsun da ke bakinsa. A ranar ban tarar da kowa ba. Ruwan damina ya riga ya kwanta, jan nan nasa ya tafi, har ina ganin yatsun ƙafata a ƙasa. Na sunkuya zan cika ƙwarya ke nan sai na ga wasu ramuka a cikin yashin, zagayayyu, shararru, kamar an dangwala gindin akushi an ɗauke. Kusa da ɗaya daga cikinsu ga wata gargaza mai faɗin tafin hannun babban mutum ta tsaya cak, wani baƙin abu kamar hayaƙi yana yawo kewaye da kanta. Sai da na ƙura ido sannan na gane ƴaƴan kifi ne, ƙanana kamar tsakin hatsi, kowanne da idanunsa da ƴar wutsiyarsa. Na miƙa hannu in taɓa. Inuwar hannuna na faɗawa kan ruwan, gargazar nan ta buɗe baki, hayaƙin ya dunƙule ya shige ciki gaba ɗaya, ta rufe bakinta, ta juya ta shige ciyawa.

Na bar ƙoren a bakin ruwa na ruga gida ina kuka. Kaka kaɗai na tarar, mahaifiyar babana, tana zaune a inuwar rumbu tana ɓarar wake. Na ce mata, "Kaka, gargaza ta canye ɗiyanta, duka, ina kallo." Ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Abin da ba shi da hannu ba shi da ƙahwa, mi kike jira gare shi? Ina ƙoren?" Sai a lokacin na tuna da su. Na koma da gudu, na tarar biyu sun kama hanyar tsakiyar ruwa, da ƙyar na jawo su da karan dawa. Na zauna a kan wani dutse ina dirzar su da yashi, ina shessheƙa, ina tsine wa kifi a zuciyata. Ban san tsawon zaman da na yi ba. Can sai ga ta ta fito daga ciyawar a hankali, haɓarta a kumbure kamar ta yaron da ya ɓoye dabino a baki. Ta juya dama, ta juya hagu, ta buɗe baki, sai ga su suna fitowa da ransu, ba wanda ko ƙwarzane ya samu. Wannan karo na riƙe hannuna. In na ɗan motsa kai sai ta kwashe su, in na natsu sai ta sake zubo su. Haka muka yi ta yi da ita har rana ta take tsaka, ƙoren da aka aike ni wankewa suka bushe da sauran tsaki a jikinsu.

Da yamma ana cin tuwo a tsakar gida, maza a gefe, mu a gefe, na ba da labari. Yayana Illa, wanda ya girme ni da shekara huɗu kuma yake ganin babu abin tafki da bai sani ba, ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce shi ya sha kama gargaza da ƙugiya, bai taɓa ganin ɗaki a cikin bakinta ba. Babana ya ce, "Ikon Allah ya hi haka," ya ci gaba da cin tuwonsa, ban san ko ya yarda ba ne ko so yake in yi shiru. Mahaifiyata ta ce in ƙoren gobe suka dawo kamar na yau, ita ma za ta haɗiye ni, kuma ba za ta tofo ni ba. Kafin a tashi lakwal washegari Illa ya baza zancen, aka laƙaba mini Uwar Gargaza, sunan da ya bi ni har na bar garin. Ƙawata Rakiya ce kawai ta ce sai ta gani kafin ta yi dariya. Na kai ta, muka yi zaman dutse, ta gani da idonta, daga nan muka zama mu biyu.

Ya kamata in faɗi yadda Kaka take da kifi. Iyayenta sun tashi ne a arewa, cikin makiyaya, a ƙarƙashin Abzinawa, inda nono da hatsi ne abinci, kifi kuwa ba a cinsa. Ko da aka dawo Adar aka kama noma, ita ba ta bar wannan ƙyama ba. Macijin ruwa take kiransa. A gidanmu tukunyar kifi daban take, wata tsohuwa mai fasasshen baki da ake kifewa a bayan rumbu, kuma duk wanda ya ci sai ya wanke hannu da toka kafin ya shiga ɗakinta. Abin da ta fi ji da shi a duniya shi ne masakinta, wata ƙatuwar ƙwarya da aka kawo ta da ita gidan aure, ta yi ja saboda tsufa, da ɗinki a wuri biyu. A ciki take dama furar gidan duka. Yaro bai isa ya taɓa shi ba. Ita take wanke abinta, ita take rataye shi a ragaya.

Lokacin girbi ba lokacin zaman yara ba ne. Kafin lakwal sai na share tsakar gida, na kora awaki bakin gari wurin makiyayi. In an tashi, ga roron wake, ga kai fura gona, ga tsintar zangarniyar da ta faɗi a bayan masu ɗaurin dami. A shekarun nan mahaifiyata tana cikin matan da ke hawa tudu aikin furoje, suna jera duwatsu don tare ruwa, ana dasa itatuwa a bayansu. Takan dawo hannuwanta duk sun yi kanta, saboda haka surfe da tankaɗe suka fara sauka a kaina. A lakwal ajinmu rumfar kara ce, muna zaune a ƙasa, allo a cinya, malaminmu da muke kira mushe yana faɗin kalmomin Faransanci muna maimaitawa da ƙarfi ko ba mu san ma'anarsu ba. In an fita shan iska, maza su yi langa da kokawa, mu kuma carafke da gaɗa a ƙarƙashin bagaruwa, har sai an buga tsohon ƙarfen motar da ke rataye a reshe. Amma duk inda aka ce akwai wanki ko ɗiban ruwa, ni da Rakiya muke riga kowa miƙa hannu, har matan unguwa suka fara yabon mu da ƙwazo, ba su san abin da ke kai mu ba.

A zaman dutsen nan muka koyi garin gargaza kamar yadda muka san namu. Mun gane cewa ramukan nan mazan ne ke haƙa su. Namiji zai cika bakinsa da yashi, ya je gefe ya tofar, ya dawo, kamar mai yasar rijiya, har sai wurin ya yi sumul. In ya gama, jikinsa ya yi duhu, bakin wutsiyarsa ya yi ja-ja, ya tsaya a tsakiya yana gadi. Wani namijin ya kuskura ya gifta, sai su haɗa baki da baki suna turereniya kamar raguna, yashi ya tashi, wanda aka fi ƙarfi ya gudu. Akwai wani ƙato mai tabo a gefe da muka sa wa Maigari, saboda raminsa ya fi na kowa faɗi kuma ba ya komai sai kallon masu wucewa. Akwai wani ɗan siriri da muka sa wa Ɗan Dako, kullum cikin jidar yashi yake, in ya gama kuma a kore shi a gaje ramin. Matan su ke zuwa suna duba ramuka ɗaya bayan ɗaya kamar masu taya ƙwarya a kasuwa. Wadda ta ga wanda ya yi mata sai ta zuba ƙwai a ciki, nan da nan kuma ta tsince su da baki ta yi tafiyarta cikin bado. Daga ranar ba za mu ƙara ganin ta tana kiwo ba. Sauran suna ta kankarar gansakuka a jikin duwatsu, ita tana gefe, baki a rufe, tana ta ramewa har sai ƴaƴan sun yi wayo. Rakiya takan ce azumi take yi. Mun sha jefa mata tsakin fura, ko kallo bai ishe ta ba.

Da sanyi ya shigo kifayen suka koma zurfi, ramukan suka shafe, mu ma muka koma ɗaurin ƴar tsana da karan dawa. A lokacin ne babana ya buɗe garkar albasarsa a bakin Ɗan Tafki, kamar yadda yake yi kowace shekara. Yakan ce, "Ruwa baƙo ne a Adar, in ya zo sai a bar komi a yi mishi hidima." Shi da Illa suke ɗiba da manyan gwangwanaye safe da yamma, suna bi fangali fangali, ni kuma cire ciyawa da korar awakin mutane. Masunta suka zo daga kudu da tarunansu da gorunansu, suka kafa bukkoki a wancan ƙetaren babban tafkin, iska ta riƙa kawo mana ƙanshin banda, Kaka tana toshe hanci. Su ba su damu da lungunmu ba, ya yi musu ƙanƙanta. Sai zafi ya fara dawowa. Wata safiya na leƙa na ga sabon rami, washegari na ga wasu, kafin a jima garin ya sake cika, har Maigari ya koma wurinsa.

Sai dai a shekarar ruwan ya yi saurin janyewa. Mashigar da ta haɗa Ɗan Tafki da babban ta riƙa tsukewa, daga gwiwa ta koma idon sawu, daga nan ta zama laka, rannan muka zo muka tarar da sawun jaki a kai. An rufe kifayen ke nan. Tsakaninsu da babban ruwa ya zama fili na busasshiyar laka mai tsattsagewa, tafiyar da in kana ɗauke da tulu sai ka so ka sauke ka huta. Balbelu da zalɓe suka riga mutane ganewa, suka zo suka jeru a bakin ruwan kamar masu jiran rabon sadaka. Kullum babana ya ɗebi na albasa, sai wani dutse da ke ɓoye ya fito fili. Illa da abokansa kuwa suka sa ranar Lahadi mai zuwa, suka ce za su shiga da tsohon gidan sauro su kwashe komai, a soya a bakin garka.

Na samu babana yana ban ruwa, na roƙe shi ya daina ɗiba a nan. Ya ajiye gwangwanin, ya share zufa, ya saurare ni har na gama, abin da ba kowane uba ke yi wa ƴar shekara takwas ba. Sannan ya ce, "Habsu, albasar ga ita ce miyarku, ita ce suturarku ta Sallah. Saura kaɗan ta nuna. In na bar ta da ƙishirwa yanzu, aikin sanyi duka ya tashi banza. Kuma ko ban ɗiba ba, rana za ta shanye shi." Na san gaskiya ya faɗa, shi ya sa abin ya fi yi mini ciwo. Ni da Rakiya muka ari kalme muka ce za mu haƙa musu hanya. Muka yini muna sara, abin da muka samu ɗan layi ne wanda ko ƙadangare ba zai jiƙa ƙafa a ciki ba. Muka gwada ɗibar kifayen da tasar ƙarfe don mu kai su babban ruwa, ƙyallinta da ƙararta kawai sun ishe su gudu. Muka koma ƙwaryar sha, ta yi ƙanƙanta, da kifi ya ji bango sai ya yi tsalle ya fice. Da na gaji na cafke wata mai goyo da hannu biyu. Tsoro ya sa ta amayar da ƴaƴan duka a kan yashi, ta suɓuce ta koma ruwa. Muka durƙusa muna tsince su da yatsa muna mayarwa, kaɗan muka cece, sauran suka bushe a kan idonmu. Ranar na gane cewa in za a raba mai goyo da wurin nan, sai da abu mai faɗi da zurfi, a ɗauke ta da ruwanta ba tare da ta san an ɗauke ta ba. Abu ɗaya na sani mai wannan girma a gidanmu, kuma ko a mafarki ban isa in tambaya ba.

Na koma gida ina juya fura a ludayi ba na sha. Kaka ce ta lura. Ranar Asabar da la'asar ta ɗauki sandarta ta ce, "Tashi mu tahi in ga wagga aba da ta hana ki hura." Rabonta da bakin tafki tun kafin a haife ni. Muka tafi a hankali, tana tsayawa gaisawa da kowa, mata suna tambayar ko lafiya. Na zaunar da ita a kan dutsenmu na ce kada ta motsa, ta ce ba ni zan koya mata zama ba. Ruwan ya yi ɗumi, ya fara kore, amma ana gani. Muka jima. Sai ga wata ta fito daga ƙarƙashin dutse ta zubo nata, kusa da ƙafar Kaka. Zalɓe ya gifta ta sama, inuwarsa ta bi kan ruwan, ta kwashe su tas. Kaka ta sunkuya har bakin mayafinta ya jiƙe. Ta ce, "Tana cin abinci kuwa?" Na ce, "Ba ta ci, Kaka, bakin a cike yake." Ta ɗago, ta matse bakin mayafinta. Can ta ce, "Haka ne. Ba a ci." A hanyar komawa ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba, a taƙaice, ba tare da ta dube ni ba. Wata shekarar yunwa ce, babana yana goye a bayanta, yayarsa a kafaɗa, ta taka da ƙafa daga garinmu har Madawa, ɗan garin hatsin da ta ƙulle a gefen zane tana jiƙa musu su lasa, ita tana haɗiyar miyau. Daga nan ta canza zance, ta ce zanena ya yi datti.

Ranar Lahadi da hantsi yaran unguwa suka taru a bakin Ɗan Tafki, Illa a gaba da gidan sauro a kafaɗa, wani da mai a kwalba, wani da gishiri da yaji. Suna shirin shiga sai ga Kaka, ni a bayanta da masaki a ka, ina tafe kamar mai ɗauke da ƙwai. Duk wanda ya san masakin nan ya tsaya. Babana ya bar ban ruwa ya zo ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Inna, lahiya?" Ta ce lafiya lau. Ta dubi Illa ta ce, "Kai, ka taɓa ganin ubanka ya yanka akuya mai shayarwa?" Ya ce a'a. Ta ce, "To, mazan da marasa goyo ku ci, halal ɗinku ne, ni dai ba da ni ba. Amma duk wadda kunka gani da ɗiya ga baki, a kai ta babban ruwa." Illa ya sosa ƙeya ya ce, "Kaka, kihi ne hwa." Ta ce, "Na sani. Kai ma da anka goya ka ba wani abin kirki ba ne." Yara suka fashe da dariya, shi ma ya yi, magana ta ƙare.

Aikin ya fi yadda muka zata wuya, ya kuma fi daɗi. Maza suka jeru suna jan gidan sauron a hankali, suna taro kifayen zuwa gefe mara zurfi. Ni da Rakiya mu ke nunawa: waccan mai kumburarriyar haɓa, wannan ramammiyar da ta ƙi buɗe baki. Sai a nutsar da masaki, a kora ta ciki da inuwar hannu ba a taɓa ta ba, a ɗago da ruwansa, a rufe da faifai. Kaka tana zaune nesa a inuwar aduwa, mayafi a hanci, amma ba wadda za a wuce da ita sai an kai mata ta ɗaga faifan da kan sanda ta leƙa, ta ce, "Wuce." Masakin in ya cika yaro ɗaya ba ya iya ɗauka, biyu-biyu muke kamawa, muna tafe a karkace a kan laka mai zafi, ruwa yana fallatsa mana a ƙafa. Illa da ya fi kowa ƙorafi shi ya fi kowa sawu. A wani zuwan ya taka inda lakar ba ta gama bushewa ba, ya nutse har cinya, abokinsa ya saki, shi kuwa ya rungume masakin a ƙirji yana kiran a zo a karɓa, ba don kifin ba, don ya san abin da zai same shi in ya fashe. Maigari ya faɗa hannun maza tun jan farko, doka ba ta kare shi ba. Ɗan Dako kuwa da aka ɗago shi ba wanda ya so shi, ƙaya ce kawai, sai aka jefa shi cikin masaki aka wuce da shi, karo na farko da ƙanƙantarsa ta yi masa rana. Da rana ta yi zafi babana ya ga mun fara tangaɗi, ya naɗe wando ya karɓa ya ɗora a ka, ya yi sauran sawun shi kaɗai, muna biye da shi muna tafi.

A bakin babban tafki sai a shiga har gwiwa, a karkata masakin a hankali. Kifin takan tsaya a ciki kamar ba ta yarda ba, sannan ta kaɗa wutsiya ta fita ta ɓace a cikin bado. Ta ƙarshe ba ta yi nisa ba. Ta tsaya a inuwar wani ganye, muna tsaye ba mai ko tari, ta buɗe baki ta zubo su a sabon ruwa. Illa yana gefena, laka har wuya. Da muka juyo sai ya ce ai shi dama ya san da haka, tsokanata kawai yake yi.

Da la'asar aka hura wuta a bakin garka. Babana da kansa ya tuge albasa ya ba mu, aka soya a tukunyar nan mai fasasshen baki, aka barbaɗa yaji. Na yi niyyar ba zan ci ba, amma yunwa ta fi ni hujja, na ci har na lashe yatsu, Rakiya tana tambayata ko wannan gefen na Maigari ne. Kaka ta riga ta tafi tun da ta ji ƙaurin mai, tana cewa Allah ya shirye mu. Masakin kuwa na wanke da toka, na dirje da yashi, na shanya a rana, na sake wankewa da ruwan tsamiya. Ta karɓa ta shinshina, ta miƙo mini ta ce, "Riƙe. Ya zama na macizai." Daga ranar ta koma dama fura a ƙananan ƙore, sau biyu, kuma duk baƙuwar da ta zo sai ta gaya mata yadda jikarta ta lalata mata kayan aure, tana faɗa gefen bakinta yana motsi. Babana ya tone albasarsa lafiya, Ɗan Tafki ya ƙafe ƙurmus ba da jimawa ba. Da damina ta sauka, ƙorama ta kawo ruwa ya sake haɗuwa da babban, duk ranar da na dawo wanki sai Kaka ta tambaye ni kamar ba da gangan ba, "Mutanenki sun dawo?" Sun dawo kuwa, ƙanana da manya, ni da Rakiya muna rantsuwa mun gane fuskokinsu. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa sa kifi a bakinta ba, kuma ba ta daina tambayar ba.

Yau ina zaune a Madawa da aikina da ƴaƴana, sai Sallah nake samun zuwa gida. Babana ma ya riga mu gidan gaskiya, Rakiya ta yi aure a wajen Bouza, mukan gaisa ta waya. Illa ne ke da garkar, ya yi furfura, ya sayi injin ban ruwa mai ƙara tun asuba. Ɗan Tafki ya cike da yashin da ƙorama ta yi ta kawowa shekara da shekaru, yanzu fangalan albasa ne a wurin, kore shar, masu kyau. Babban tafkin yana nan, masunta suna zuwa, ana cin gargaza har a kai kasuwar Keita. A tsakiyar gari an kafa famfo, ƴanmata su tara bidonsu, jarkokin nan na roba, kafin su gama gaisawa ya cika, su koma gida. Na yi musu murna ƙwarai, domin na san nauyin tulu a wuya da zafin laka a tafin ƙafa. Sai dai in na gan su suna sauri, nakan tuna cewa ba su da sauran aiken da zai kai su bakin ruwa su zauna har ruwan ya manta da su. Mu a zamaninmu ba mu da komai mai yawa sai lokaci, shi ya sa har kifi ya samu rabonsa.